Agogon hannu na ƙirga bugun zuciya, amma ba ya hana shanyewar ɓarin jiki

Ina cikin masu rayuwa da ciwon rikicewar bugun zuciya, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AF. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata magana da nake yawan ji daga bakin masu irin lalurata, wato mutum ya ce zuciyarsa ta daidaita, agogonsa bai nuna komai ba wata da watanni, saboda haka ya ajiye maganin tsinka jini. Duk lokacin da na ji haka sai gabana ya faɗi, domin mai faɗin ba sakarci yake yi ba, yana bibiyar lafiyarsa ne iyakar ƙoƙarinsa, sai dai ya ɗora wa na'ura nauyin da ba a ƙera ta don shi ba.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. A jikin mai lafiya, wani ɗan gungu da ke ɗakin sama na dama ne yake tura saƙon lantarki sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum na hutawa, ɗakunan sama su matse su tura jini ƙasa, na ƙasa kuma su matse su watsa shi zuwa huhu da sauran jiki. Idan AF ya taso, saƙon yakan riƙa fitowa barkatai daga wurare da yawa, har ya kai sau 300 zuwa 600 a minti, sai ɗakunan sama su daina matsewa su koma karkarwa kawai. Akwai wata mahaɗa tsakanin sama da ƙasa da take tare mafi yawan waɗannan saƙonni, ta bar wasu su wuce ba tare da tsari ba, shi ya sa bugun da ke isowa wuyan hannu yakan zo da sauri, ya yi jinkiri, ya sake rugawa, ba za ka iya hasashen na gaba ba.

A wurina yakan zo ne kamar tsuntsu na fuffuka a cikin ƙirji, tare da haki idan na hau bene da wata kasala da ba ta da dalili. Wasu jiri suke ji, wasu nauyin ƙirji, wasu kuma ba sa jin komai sam, sai an gano shi a wani gwaji da aka yi don wata buƙatar daban. A wasu mutane yana zuwa ya tafi da kansa cikin sa'o'i ko kwanaki, bai wuce kwana 7 ba. A wasu yana zarce haka sai an sa hannu. Akwai kuma waɗanda ya zauna musu dindindin. Abin da ya kamata kowannenmu ya riƙe a nan shi ne, ko mai jin alamun ciwon yana iya samun lokutan da zuciyar ke rikicewa bai sani ba, musamman cikin barci. Rashin jin komai ba hujja ba ce cewa babu komai.

Babban haɗarin AF yana cikin wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu. Idan ɗakin ya daina matsewa yadda ya kamata, jini yakan kwanta a wannan aljihu, ya daskare ya zama gudaji, kuma ranar da gudajin ya ɓalle, hanyarsa a buɗe take zuwa ƙwaƙwalwa. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 ana bin lafiyar zuciyar dubban mutane shekara da shekaru, ya nuna cewa AF yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5, kuma irin shanyewar da yake jawowa takan fi tsanani, domin gudajin da ke fitowa daga zuciya yakan yi girman da zai toshe babbar jijiya. Saboda haka ne likita ba ya yanke shawarar ba da maganin tsinka jini bisa yawan fuffukar da kake ji. Yana da ma'auni da yake haɗa maki da shi: maki ɗaya ga hawan jini, ɗaya ga ciwon sukari, ɗaya ga gazawar zuciya, ɗaya ga ciwon jijiyoyin jini, ɗaya ga mai shekara 65 zuwa 74, biyu ga wanda ya kai 75, biyu kuma ga wanda ya taɓa samun shanyewar jiki ko da ta ɗan lokaci ce. Ku lura cewa babu inda aka tambayi abin da agogo ya nuna jiya. Wanda makinsa ya kai biyu yana cikin haɗari ko a watan da zuciyarsa ta fi kwanciya, domin hawan jininsa da shekarunsa ba su je ko'ina ba.

Tsohon maganin da aka sani shi ne warfarin, kuma yana rage haɗarin shanyewar jiki da kusan kashi biyu cikin uku, sai dai yana da ɗawainiya. Dole a riƙa gwajin jini da ake kira INR, a tabbatar lambar tana tsakanin 2 da 3, kuma abin da mutum ke ci da sauran magungunan da yake sha suna iya ɗaga ta ko su sauke ta. Daga 2010 zuwa 2015 aka amince da sababbin magunguna huɗu a Amurka, dabigatran da rivaroxaban da apixaban da edoxaban, waɗanda ba sa buƙatar wannan gwaji akai-akai kuma ba su kai warfarin jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa ba. Amma sauƙinsu yana tafe da sharaɗi, domin ba sa daɗewa a jiki. Wanda ya tsallake shan su kwana ɗaya ko biyu, kariyarsa ta ragu ƙwarai. Kuma ba kowa suka dace da shi ba: mai ƙofar zuciya ta ƙarfe, da wanda ƙofar da ke tsakanin ɗakunansa na hagu ta tsuke sosai, warfarin ne nasu har yanzu. Aspirin kuwa, da mutane da yawa ke sha suna ganin ya wadatar, kariyar da yake bayarwa a wannan ciwo kaɗan ce, ga shi kuma shi ma yana jawo zubar jini.

Kada a ɗauka ina raina kayan bibiya. Ina amfani da su, kuma ina ganin darajarsu. Tun daga na'urar ɗaukar hoton lantarkin zuciya, ECG, wadda Willem Einthoven na ƙasar Holan ya samu kyautar Nobel a kanta a 1924, zuwa na'urar Holter da ake rataya wa mutum awa 24 ko 48, zuwa ƙaramar na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji ta yi shekaru tana saurare, kowacce ta taimaka wajen kama ciwon da ke ɓuya idan an je gaban likita. A 2018 kamfanin Apple ya fitar da agogon da ke ɗaukar ECG daga wuyan hannu, wasu kamfanoni ma suka biyo baya, kuma ga wanda ciwonsa ke zuwa ya tafi, samun damar ɗaukar hoton bugun a daidai lokacin da abin ke faruwa, ya kai wa likita, ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Sai dai mu san iyakarsu. A binciken da Jami'ar Stanford ta yi tare da Apple, wanda aka buga a 2019, mutum fiye da 419,000 ne suka shiga, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari suka samu sanarwar rikicewar bugu, kuma cikin waɗanda aka aika wa na'urar gwaji daga baya suka dawo da ita, kashi 34 cikin ɗari ne aka samu da AF. Adalci shi ne a faɗi cewa wannan ba ya nufin agogon ya yi ƙarya a kan sauran, tunda ciwon yana zuwa yana tafiya kuma an yi gwajin ne bayan kwanaki. Amma hakan ma ya isa ya nuna cewa sanarwar agogo mafarin bincike ce kawai, tabbatarwa sai da hoton ECG da ƙwararre ya duba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, agogo ba ya sauraron zuciya kowane daƙiƙa. Yana leƙawa ne lokaci zuwa lokaci idan hannu ya natsu, motsi da sakin maɗauri da sanyin fata suna ɓata masa lissafi, kuma sa'ad da yake kan caji ba ya ganin komai. Shirunsa bai kai a ajiye magani a kansa ba. Akwai ma wani bincike a Denmark da aka buga a 2021, inda aka bi mutum kusan 6,000 masu shekara 70 zuwa 90, aka dasa wa wasunsu na'urar ƙarƙashin fata. An gano AF kusan ninki uku a cikin waɗanda aka dasa wa idan aka kwatanta da waɗanda ba a dasa wa ba, amma raguwar shanyewar jiki ba ta kai yadda za a ce ta tabbata ba. Yawan gani da yawan tsira ba lallai su tafi tare ba.

Akwai kuma wata illa da ba a cika magana a kanta ba, ita ce fargaba. Na ga masu duba agogo kowane ɗan lokaci, su farka tsakar dare su duba, lamba ta ɗan hau su kasa komawa barci, alhali rashin barci da damuwa suna cikin abubuwan da ke tayar wa wasu da ciwon. A ganina bibiyar da ta hana mutum aiki da barci da zama da iyalinsa ta fita daga manufarta.

Abin da na ga ya fi amfani ba shi da ado. Ka zauna ka huta na ɗan lokaci, ka ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun minti ɗaya cur, domin ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu yana yaudara idan bugun ba shi da tsari. Ka rubuta a ɗan littafi ranar da abin ya taso, ƙarfe nawa, tsawon lokacin da ya ɗauka, me kake yi, yadda ka kwana a daren da ya gabata, da ko ka sha maganinka a kan kari. Shafi biyu na irin wannan rubutu sun fi wa likita amfani a kan ɗaruruwan lambobi a waya da ba shi da lokacin karantawa. Bayan haka sai awon hawan jini, a maimaita shi sau biyu ko uku tunda na'urar gida takan rikice da irin bugunmu, da awon nauyi, domin hawan nauyi cikin kwanaki kaɗan tare da kumburin ƙafa yana iya nuna zuciya ta fara gazawa. Mai shan sababbin magungunan tsinka jini yana buƙatar gwajin ƙoda da na yawan jini aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ya sa ido a kan baƙin bahaya, jini a fitsari, ko haɓo da ya ƙi tsayawa. Ya guji magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita, ya kuma sanar da likitan haƙori ko mai tiyata abin da yake sha tun kafin a taɓa shi.

Sauran maganin ya rataya ne a kan yadda mutum ke ji. Wasu ana rage musu saurin bugun kawai da magani irin bisoprolol ko diltiazem ko digoxin, wasu ana ƙoƙarin mayar da shi kan tsari da flecainide ko amiodarone ko da girgizar lantarki bayan an sa su barci. Tun da Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna a 1998 cewa saƙonnin da ke kunna ciwon galibi daga bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu suke fitowa, aka samu aikin da ake zura siririyar waya ta jijiyar cinya a killace wuraren, kuma ya sauƙaƙa wa mutane da yawa rayuwa. Duk da haka ciwon yana iya dawowa a ɓoye bayan aikin, shi ya sa ajiye maganin tsinka jini shawara ce da ake yankewa tare da likita bisa makin haɗari. Rage ƙiba, barin barasa, shawo kan hawan jini, duba maƙoƙo, da maganin ɗaukewar numfashi cikin barci ga masu minshari mai ƙarfi, duk suna rage yawan tasowarsa, kuma waɗannan suna hannun majinyaci fiye da kowa.

Ba majinyata kaɗai nake ɗora wa alhaki ba. Mutum yakan fito daga ɗakin likita da takardar magani uku ba tare da an bambance masa wanne ne na rage haki, wanne ne na kare ƙwaƙwalwa ba, to me zai hana ya ajiye su duka ranar da ya ji sauƙi? Bayanin minti biyu zai iya hana wannan, kuma haƙƙin majinyaci ne ya tambaya: makina nawa, wane magani ne ba a tsallakewa, me zan yi idan na manta, bugu nawa ne zai sa in taho asibiti ba tare da jira ba.

Iyalin gida ma su san nasu. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, a tafi asibiti nan take ko da alamar ta wuce bayan mintuna, haka ma idan aka samu ciwon ƙirji mai tsanani, suma, ko numfashi ya gagara. Maganin narkar da gudaji galibi cikin awa 4 da rabi na farko ake bayar da shi, kuma ba kowane mai shan maganin tsinka jini ake iya ba wa ba, don haka tambayoyi biyu na farko da za a yi wa wanda ya rako majinyaci su ne, ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe, kuma yaushe ya sha ƙwayarsa ta ƙarshe. Mai shanyewar jiki sau da yawa ba ya iya amsawa da bakinsa, saboda haka sunan maganin da lokacin shansa su kasance a rubuce a inda na kusa da shi zai iya ɗaukowa.