Gashin Sarauniya Nara da rigimar da ya haifar

A shekarar 1765 Sarkin Sin Qianlong ya fita rangadin kudancin ƙasarsa, ayarinsa ya ya da zango a birnin Hangzhou. A nan ne uwargidansa, sarauniya 'yar gidan Nara, ta yanke gashin kanta. A al'adar Manchu, ƙabilar da ta kafa daular Qing, mai irin wannan matsayi ba ta taɓa gashinta sai in sarki ko gyatumarsa sun rasu. Yin haka suna raye tamkar yi musu fatan mutuwa ne. Tun ayari bai juyo ba aka mayar da ita Beijing, aka karɓe takardun naɗinta, aka rage mata bayi. Ta rasu a 1766, aka binne ta ba tare da karramawar da ake yi wa sarauniya ba. Me ya tunzura ta? Littattafan fada sun ja bakinsu sun tsuke.

Wannan shirun shi ne gonar da masu wasan kwaikwayon Sin suka daɗe suna nomawa. A shekara guda, 2018, aka fitar da manyan shirye-shirye biyu a kan wannan fada. A "Story of Yanxi Palace", mai kashi 70, sarauniya Nara mace ce da baƙin ciki ya mayar muguwa, tauraruwa kuwa ita ce Wei Yingluo, baiwar da ta taso daga ɗakin ɗinki har ta zama abar ƙaunar sarki. A "Ruyi's Royal Love in the Palace", mai kashi 87, sai aka juya tabarya: sarauniya Nara ce baiwar Allah da aka ci amanarta, 'yar gidan Wei kuma ita ce makira. Na ga ƙannena mata biyu sun kusa daina gaisawa a kan wannan, kowacce ta rantse tata ce mai gaskiya. Da na ce musu ai mutum ɗaya suke zagi kuma suke yabo, sai suka haɗe kai suka ce in tashi in ba su wuri.

Ni ban ga laifin marubutan biyu ba a nan. Inda tarihi ya yi shiru, mai labari yana da damar magana. Abin da aka tabbatar game da 'yar gidan Wei kaɗan ne: daga gidan barorin fada ta fito, ta hau matakan mukami ɗaya bayan ɗaya, ta haifi ɗan da ya gaji sarauta a matsayin Sarki Jiaqing, ta rasu a 1775, sai bayan shekara 20 aka ba ta laƙabin sarauniya. Ko da kirki ta kai nan ko da makirci, babu takardar da ta faɗa. Wanda ya zana ta mai kirki da wanda ya zana ta makira duk hasashe suke yi, kuma mai kallo mai hankali ya san haka.

Inda nake da ƙorafi shi ne inda soyayya ke share abin da tarihi ya faɗa ƙarara. Fadar Qing ba gidan masoya ba ce, ma'aikata ce mai matakai. Sarauniya ɗaya, mai bi mata ɗaya, sai biyu, sai huɗu, sai shida, sannan ƙananan ƙwaraƙwarai da ba a ƙayyade yawansu ba. Kowane mataki da kuɗinsa na shekara, da adadin bayinsa, da irin tufafin da aka yarje masa. Duk bayan shekara uku ake tara 'yan matan gidajen rundunonin Manchu a tantance su, kuma yarinya ba ta da izinin aure sai an duba ta an sallame ta. Da yamma baba, wato bawan da aka dandaƙe, yakan kawo wa sarki faranti ɗauke da ƙananan alluna masu koren kai, kowanne da sunan mace. Wanda ya kifar, ita ce da kwana. Idan shiri ya nuna wannan faranti, sa'an nan ya sa sarewa mai taushi da dusar ƙanƙara yana so mu gaskata cewa yarinyar ta zaɓi sarki kamar yadda ya zaɓe ta, to ya yi mana ƙaryar da ta fi sauya launin riga ko kuskuren shekara muni. Mu da muka san zaman kishi a ƙaramin gida ma, mun san ba a kiran abu zaɓi in babu ƙofar fita.

Akwai misalin da ya fi ci mini rai. A 1760 wata Musulma 'yar Uyghur, daga gidan Khoja, ta shiga fadar Qianlong, ta zauna har rasuwarta a 1788. Tatsuniya ta mayar da ita "ƙwarƙwara mai ƙamshi", wadda jikinta ke tashin turare, sarki ya haukace a kanta. Amma ta iso Beijing ne bayan yaƙe-yaƙen 1755 zuwa 1759, waɗanda suka shafe al'ummar Dzungar, wata ƙabilar Mongol, kusan baki ɗaya, suka kuma shigar da yankin da ake kira Xinjiang ƙarƙashin daular. Shirin da zai nuna ƙamshinta ya ɓoye hayaƙin da ta keto, ya sayar da mutane da yawa don ya sayi hawayen mai kallo.

Abin mamaki, tarihin kansa ba ya rasa soyayya, kuma tasa ta fi ta ƙirƙira nauyi. Uwargidan Qianlong ta farko, 'yar gidan Fuca, ta rasu a cikin jirgin ruwa a 1748 suna dawowa daga lardin Shandong. Sarkin ya yi ta rubuta mata waƙoƙin makoki shekara da shekaru. A lokaci guda kuma ya hukunta manyan jami'an da suka yi aski kafin kwana 100 na zaman makoki su cika, har wasu suka rasa rayukansu. Ga ƙauna, ga mulkin da ba mai taka masa burki, a zuciya guda. Marubucin da ya riƙe biyun tare ba ya buƙatar ƙirƙiro guba a cikin kowane kofin shayi. (Yawan gubar nan ma, da haka fadar take, da ba a sami wanda zai gaji sarauta ba.)

Haka batun gado. Shirye-shiryen kan nuna kamar makircin mata ne ke naɗa yarima. Tun 1723 Sarki Yongzheng, mahaifin Qianlong, ya ɓullo da tsarin rubuta sunan magaji a asirce, a rufe a akwati, a ajiye bayan wani allo da ke saman karagar mulki, ba a buɗewa sai sarki ya kau. Shi Yongzheng ɗin, da shirin "Empresses in the Palace" na 2011 ya mayar mai yawo tsakanin ɗakunan mata, an san shi da raba dare yana bitar takardun gwamnoni da jan tawada.

Hukumomin Sin ma sun tsoma baki. A Janairun 2019 jaridar Beijing Daily ta gwamnati ta soki irin waɗannan shirye-shirye da cewa suna koya wa matasa son ƙawa da makirci, tashoshi suka janye su, a 2020 kuma Yanxi da Ruyi suka ɓace daga manyan dandalin kallo na ƙasar. Kada a ɗauka wannan kare tarihi ne. Kukan jaridar a kan tarbiyya yake, ba a kan an ɓoye yaƙin Dzungar ba, kuma shirin da aka wanke don ya faranta wa hukuma ba zai fi wanda aka wanke don masoya gaskiya ba.

Cikin biyun na 2018, Yanxi ya fi daɗin kallo, shi ne ma shirin talabijin da aka fi nema a Google a wannan shekara. Amma ni Ruyi na fi ba gaskiya, duk da jan ƙafarsa. Ya ƙirƙiro soyayyar yarinta tsakanin sarki da sarauniya, wadda babu ita a takarda, sa'an nan ya bar dokokin fada suka ci ta sannu a hankali, har ranar da matar ta ɗauki wuƙa ta kai wa gashinta.