Kilobayit Nawa Ne Zai Ishi Mutum?

Uwargida ce ta fara gane cewa na shiga wani hali. Ta fito tsakar dare za ta sha ruwa, ta tarar da ni a falo da fitilar caji, ina rubuta 32, 64, 128, 512 a bayan takardar kuɗin makarantar yara, ina sokewa ina sake rubutawa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Maigida, bashi ne?" Na ce a'a. "Aure za ka ƙara?" Na ce mata ta kwantar da hankalinta, maganar ram ce kawai. Ta dafe ƙirji: "Innalillahi! Wa aka yi ram da shi?"

Ba wanda aka kama. Kwamfuta nake son haɗawa da hannuna, irin ta zamanin da, wadda za ka iya nuna kowace waya a cikinta ka faɗi aikinta. Abin ya samo asali ne daga wasan talabijin ɗin nan mai kaset rawaya da muka riƙa cin duka a kansa a gidan maƙwabta muna yara. Sai da na girma na gane cewa duk tsalle-tsallen nan da harbin agwagi a cikin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki a cikinta, mai kilobayit 2 ake yin su. Biyu! Tun daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye. Da na ji a 2024 cewa za a daina ƙera tsohon Z80, ƙwaƙwalwar kwamfutar nan mai ƙafa 40, wanda kamfanin Zilog ya fitar tun 1976, sai na yi odar guda biyu ta intanet, na zauna ina jiran su kamar mai jiran alhaji.

Shi Z80 yana da layukan adireshi 16. Kowane layi ko dai da wuta ko babu, saboda haka in ka lissafa, gida 65,536 kaɗai yake iya kira da suna. Kilobayit 64 ke nan, ba ƙari. Kamar filin gado ne da aka riga aka kafa masa turaku: a ciki za ka gina ɗakin rom, inda umarnin da ba ya gogewa yake zama, a ciki kuma za ka gina na ram, inda ake aikin yau da kullum. Kuma da an kunna shi, adireshi na sifili yake nufa kai tsaye ya nemi umarni, don haka dole rom ya zauna a zaure kamar maigadi. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba filin biyu, 32 na rom, 32 na ram. Aisi ɗaya, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, mai lamba 62256 ya gama maganar ram ɗin. Mai hankali a nan yake tsayawa ya je ya yi barci.

Ni karatu na shiga.

Na fara da ZX81, wadda aka fitar a Ingila a 1981 da kilobayit 1 tak. Na karanta cewa wani bawan Allah ya rubuta mata wasan dara na Turawa a cikin bayit 672. A daren nan na zama mai gudun duniya. Na yanke shawarar kilobayit 1 ya ishe ni, na fara yi wa masu manyan wayoyi kallon almubazzarai. Washegari na ci karo da labarin yadda masu ZX81 ɗin suka riƙa sayen ƙarin kilobayit 16 suna maƙala mata a baya, abin yana girgiɗi, da an ɗan taɓa tebur sai aikin awa uku ya bi iska. Ashe su ma masu gudun duniyar ba su ƙoshi ba. Na koma kan Commodore 64 ta 1982, wadda tsabar alfahari ta sa adadin ram ɗinta a cikin sunanta, ko da yake in ka kunna ta bayit 38,911 kawai take bar maka ka yi rubutu da harshen BASIC. Sai kuma na ji cewa CP/M, tsarin da manyan masu Z80 suke taƙama da shi, yana son ram tun daga adireshi na sifili, wato sai maigadi ya buɗe ƙofa sannan a kore shi daga zauren. To 64 ke nan. Na rubuta 64, na ja layi biyu a ƙasa.

Da na je duba farashi ne Shaiɗan ya samu ƙofa. Aisi mai kilobayit 512, ninki 16 na wanda na fara nufa, bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ku faɗa mini, wane magidanci ne za a ce masa ga mudu ga buhu kusan kuɗi ɗaya, ya ɗauki mudu ya yi gaba?

Na je neman shawara wurin wani abokina mai gyaran waya a kasuwa. Na ce masa ina tunanin sa 512. Bai ko ɗago kai daga wayar da yake buɗewa ba, ya ce, "Haba Oga, mega 512 a wannan zamani? Ko WhatsApp ba za ta ɗauka ba." Na ce ba mega ba, kilo. Sai ya ajiye sukundireba. Ya kira na shagon kusa, shi ma ya kira wani. Suka kewaye ni ana ta jinjina kai. Ɗaya ya ce hoton da ya ɗauki ɗansa da safe ya ninka hakan sau biyar. Da zan tafi abokin nawa ya raka ni har bakin titi, ya rage murya, ya ce akwai wata waya ta hannu mai kyau, in ɗauka, in na samu sarari na biya, kowa yana shiga irin wannan yanayi.

Na dawo gida da zuciya, na yi odar mai 512.

Matsalar ita ce Z80 bai san na yi arziki ba. Har gobe 64 yake gani. Dabarar da masu ƙera kwamfuta suka yi amfani da ita a shekarun 1980 ita ce a yanka ram ɗin shafi-shafi, a riƙa nuna masa wasu ana ɓoye wasu. Nawa na yanka shi shafi 32, kowanne kilobayit 16, shi kuwa wurin zama huɗu gare shi. Ku ɗauka adaidaita sahu ce aka ce ta kai mutum 32 ɗaurin aure: a ɗauki waɗannan a sauke, a dawo a ɗauki waɗancan. Wannan ya jawo ƙarin ƙananan aisi don riƙe lambar wanda ke kan kujera, su kuma suka jawo ƙarin wayoyi. Mako uku ina sokawa ina zarewa, har allon gwajin ya koma kamar an kifar da kwanon taliya. Autana ya leƙo ya ga na jona abin da laftof don ita ce za ta zama allon kallonsa, ya ce, "Abba, to me ya sa ba za ka yi aikin a laftof ɗin kawai ba?" Na aike shi sayen kati.

Ranar gwaji na yi alwala, na yi bismillah, na kunna. Rubutu ya fito. Na ba da umarnin canja shafi. Shiru. Na kashe na kunna, na sake. Shiru. Na zargi mai sayar da kayan, na zargi zafin gari, na zargi ƙura. Daga ƙarshe na yanke hukuncin aisin ne jabu, na sa bakin wuƙar kicin na banƙaro shi. Ƙafafu huɗu suka lanƙwashe. Na miƙe uku lafiya, ta huɗun ta zo mini a hannu.

Kwana biyu bayan haka ƙanina da ke karatun kwamfuta a jami'a ya zo gaisuwa. Na nuna masa abin da na rubuta don ya taya ni tsine wa 'yan kasuwa. Ya duba bai fi minti biyu ba.

"Yaya, shi umarnin naka a wace kujera yake zaune?"

"Ta farko mana, rom ne."

"To wace kujera ka ce a sauke?"

Na karɓi takardar na duba. Lamba ɗaya na kuskure. Maimakon in sauke fasinja, direban na sauke. Adaidaita tana tsakiyar titi a guje, direba ya buɗe ya dire, na ɗora wani shafi da babu komai a cikinsa a kan sitiyari. Aisin da na karya wa ƙafa lafiyarsa ƙalau. Yaron nan ya yi ta ƙoƙarin danne dariya saboda girmana, har sai da ya ce zai je ya gaida matar yaya, na jiyo su daga kicin.

Garin neman gira na rasa ido, sai na koma kan 62256 da na raina. Yini ɗaya na gama haɗawa. Na kunna, kuma abin da ya fara fitowa a allo tambaya ce da Turanci: "Memory top?" Wato ina iyakar ram ɗinka? Wata uku ina yi wa kaina wannan tambayar, na hana kaina barci, na zama abin tausayi a kasuwa, ga shi ita ma na'urar ni take tambaya. Na danna maɓalli ban rubuta komai ba, ta ƙirga da kanta cikin ƙiftawar ido, ta ce akwai bayit sama da 31,000.

Saura cikawa. Na rubuta jadawalin sau, na rubuta wasan cankar lamba. Ko gezau. Sai na tuna uwargida ce uwar adashen unguwa, mata 12 suke zubi duk Juma'a. Na ce mata zamanin littafi ya wuce. Dare biyu ina bugawa: suna, zubi, wadda ta kwasa, wadda ake bi. Da na gama na tambayi na'urar abin da ya rage, na tarar duk wannan gagarumin aiki bai cinye kilobayit 2 ba. Ni da na karya aisi garin neman 512.

Ranar Juma'a da yamma ta zauna kusa da ni tana faɗa ina shigarwa. Har ta fara cewa abin ba laifi. Muna kan mace ta goma sha ɗaya aka ɗauke wuta. Laftof tana da batir, sunayen suna nan a allo kamar hoto, amma ita kwamfutar tawa da cajar waya take ci, ta mutu murus. Shi ram, ko 1 ne ko 512, da wuta ta yanke ya manta uwarsa da ubansa. Bayan minti goma wuta ta dawo, ta farka garau kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ce, "Memory top?"

"Ina kuɗin mutane?" in ji uwargida.

Na fara bayani a kan bambancin ram da rom. Ba ta tsaya ji ba, ta shiga ɗaki ta ɗaga filo ta fito da littafinta mai bango ja. Ashe duk abin da take faɗa mini ta riga ta rubuta tun da rana. Auta ya ce, "Abba, ka jona mata fawa bank ɗin Umma mana." Na ce masa manya na magana.

Da dare ya raba na shiga intanet, na gano akwai wani irin ram mai ɗan batir a cikinsa, wanda ba ya mantuwa ko an ɗauke wuta. Akwai mai 32. Akwai mai 128. Akwai kuma mai 512. Na jawo takardar kuɗin makaranta, na juya ta inda ya rage fari.