Ranar da Kaka ta kama jarumina da sata

Tun ina ɗan lakwal, duk dala goman da aka ba ni ta karin kumallo a ɗakin gem take ƙarewa, wajen wani mai tsohuwar PlayStation a Zango. Sauran yara ƙwallo suke bugawa, ni kuwa na liƙe wa Final Fantasy VII, wasan nan na ƴan Japan da ya fito a 1997, ya iso hannunmu bayan ya yi furfura. Irin wasan da za a ba ka yaro da takobi, ka yi ta yawo gari-gari kana tara abokai, kana kashe dodanni, ƙarfinka na hawa mataki-mataki. Rabin Faransancin da ke ƙasan allo ban gane shi, amma na san shagon da ake sayar da maganin ƙara rai.

Da na samu aikin buga takardu kusa da Kasuwar Dole, sai na ce lokaci ya yi da Damagaram za ta yi nata fim ɗin na dodo da takobi. Ba ni na fara wannan hauka a Nijar ba. Tun 1966 mai shirya fim Moustapha Alassane ya zana kwaɗi da hannu a fim ɗinsa, ya naɗa ɗaya shugaban ƙasa, har da ziyarar aiki. To ni mai kwamfuta fa?

Kwamfutar jika 85 na saye ta, a hannun wani da ya rantse wani bature ne ya ɗan taɓa ta. Batirinta minti 11 yake yi. Na sauke Blender, manhajar ƙera hotuna masu motsi da wani ɗan Holand, Ton Roosendaal, ya ƙirƙira, wadda ta zama kyauta ga kowa tun 2002. Kyautar ce ta ja ni. Idan ka buɗe ta, wani akwati mai launin toka za ka tarar a tsakiyar allo yana kallonka. Wata 2 na yi ina juya akwatin nan kafin ya yarda ya zama kan mutum.

Na so jarumina ya fito da babbar riga da rawani, kamar mahayan da ke bin Sarki ranar hawan Sallah. Ashe sai ka dasa wa mutum ƙasusuwa a ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan ka koya wa riga yadda za ta bi jiki. Gwajin farko, gwiwoyinsa suka huda rigar. Na biyu, ya yi gaba abinsa, rigar ta tsaya a baya tana shawagi kamar ta aljani. Na haƙura na shafa masa fenti a jiki na ce kaftani ne. Duwatsun Birni kaɗai ba su ba ni wahala ba, na ɗauke su da salula na liƙa a baya, dutse ai ba ya motsi.

Ƙanena ya yi muryar jarumi. Kukan dodo kuwa na jakin mai ga-ruwan layinmu ne, na naɗa na rage masa sauri har ya koma kamar aradu. Saura tsohuwar da ke cikin bukka, mai nuna hanya. Na kai wa Kaka goron dala 20 na ce, "Hajiya, jimla ɗaya za ki faɗa mani: dodo yana bayan dutse, yaro."

"Angona, wane dodo kuma?"

"Na rediyo ne."

Ta faɗa sau ɗaya, ta ci goronta.

Sai dahuwa, don ni haka nake kiran abin da kwamfuta ke yi in tana fitar da hotuna. Kowace daƙiƙa ta fim hoto 24 ce. Fim ɗina minti 5, wato hoto 7,200. Kwamfutata minti 4 take ɗauka kan kowane. Na buga lissafi sau uku ina fatan na yi kuskure: awa 480, kwana 20 cur, in wuta ba ta ƙifta ba. A watan Afrilu. A Zinder.

Kwana 3 da farawa wuta ta ɗauke, minti 11 suka cika, komai ya tafi, domin kai tsaye na ce ta haɗa mani bidiyo. Nan na koyi a ajiye kowane hoto daban, in an katse ka ci gaba daga inda ka tsaya. Zafi kuma ya sa injin yana huci kamar mai naƙuda. Na jiƙa buhu na shimfiɗa a kan murfin randa, na ɗora shi a kai, ina yayyafa wa buhun ruwa duk bayan sallah. Kaka ta same ni da moɗa a hannu. Ta ce mata na bin layin famfo tun kafin asuba, ni kuma ina shayar da ƙarfe.

Kuskuren ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Wurin ajiya ya cika a kwamfutar, sai na kwashe hotunan fatar dodo na zuba a kile ta USB, na sa a aljihu, na tafi biki Mirya kwana 2 na bar dahuwa na ci. Duk abin da Blender ta nemi fatarsa ta rasa, ruwan hoda take shafa masa, mai ƙyalli. Na dawo na tarar da dodona, mai fiffike da haƙora 40, ya yi fes kamar alawar yara. Na riga na gayyaci unguwa. Na ce a bar shi, ƙila cikin dare ba za a lura ba.

Daren Juma'a na rataya farin zanen gado a bango, na aro majigi wajen wani aboki. Yara sun fi 30, mata a gefe, Kawu kan kujerarsa, Kaka a tabarmar gaba.

Duwatsu suka fito, aka yi tafi. Jarumi ya nufi bukka ya faɗa ciki. Tsohuwa ta ce, "Dodo yana bayan dutse, yaro." Ya wuce ta, ya buɗe adaka, rubutu ya fito: zinari 50. Ya fasa tukwane 2 ya ɗauki abin da ke ciki. Ya dawo gabanta, ta sake cewa, "Dodo yana bayan dutse, yaro." Wallahi ni har ga Allah ban taɓa ganin aibun wannan ba, shekara da shekaru haka nake shiga gidajen mutane a gem.

"Tsayar," in ji Kaka. "Muryar wa na ji?"

"Taki ce, Hajiya."

"Wato ɗakina ne."

"A fim dai..."

"Ya shigo ba sallama, da takalmi, ya buɗe mani adaka, ya fasa mani tukwane, ni kuma ina tsaye ina nuna masa hanya? Har sau biyu?"

Na ce haka tsarin wasan yake, kayan don jarumi aka ajiye su. Ta tambayi ɗan gidan wa ne. Na waiwaya neman ƙanena, sai takalminsa ɗaya a bakin zaure.

Da kyar aka ci gaba. Dodo ya leƙo daga bayan dutse, wata maƙwabciya ta ce, "Lah, ya yi anko!" Ya buɗe baki ya yi kuka. Jakin mai ga-ruwa, da ke ɗaure a bayan katanga, ya gane ɗan'uwansa ya amsa da cikakkiyar murya. Sai da na tsayar da fim aka gama dariya.

Faɗan kuma irin na gem na tsara shi, bi da bi. Jarumi ya sari dodo, ya koma wurinsa ya tsaya. Kawu, wanda ba a kokawa a rediyo bai kasa kunne ba, ya miƙe zaune.

"Me yake jira?"

"Layinsa ya wuce, Kawu. Yanzu na dodo ne."

"Layi? Faɗa ake ko ɗiban ruwa?"

Dodo ya watsa masa wuta, shi kuwa yana tsaye ƙiƙam. Da nasa ya zagayo, maimakon sara, sai ya zaro kwalba ya sha magani. Kawu ya ce ko a dambe ba a ba da hutun shan fura, ya ɗauki kujerarsa ya shige. Yara suka sa aka maimaita sau 4, kuma duk bayan dodo suke.

Da safe Kaka ta yanke hukunci. Zinari ta yafe tunda ba ta taɓa ganinsa ba, amma tukwane da zubar da mutunci jika 2. Na ce ba ni da su. Ta ce ita dai ta ga ta kanta, Allah ya ba ta jikan da bai kai jika ba. Ta sa wa adakarta kwaɗo, na ƙarfe, ba irin na Alassane ba. Sannan dole yaron nan ya koma ya yi sallama, ya jira a amsa, ya cire takalmi.

Daƙiƙa 10 ke nan, hoto 240, awa 16 a kan randa. Sallamar na gama da ita. Takalmin ne matsala, don tare da ƙafar na ƙera su, dunƙule ɗaya. Jiya na cire masa, yanzu yana nan tsaye a ƙofar bukka ba ƙafa, Kaka kuma ta ce ba za ta naɗa "wa alaikumus salam" ba sai ta ga goro.