Sau Nawa Mutum Zai Sayi Faifai Ɗaya?

Jiya da daddare wani abokina ya turo min hoton wani ƙaton akwatin faya-fayan King Crimson da ya gani ana talla a intanet, ya rubuto a ƙasa: "Mutanenka sun sake fitowa karɓar haraji." Na yi dariya, don na san inda ya dosa. Ya daɗe yana min tsiya cewa ni kaɗai ya sani da ya mallaki kundin waƙa ɗaya har sau huɗu, kuma gobe ma in aka ce an sake fito da shi sai kunnena ya motsa. Na fara ba shi amsa a WhatsApp, na ga maganar ta fi ƙarfin can, shi ya sa na kawo ta nan. Wanda ba shi da haƙurin dogon rubutu ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Ga waɗanda ba su san su ba, King Crimson ƙungiyar makaɗa ce ta Ingila da ta fito a Landan a 1969. Suna cikin waɗanda suka buɗe salon da ake kira prog, wato kiɗan rok da ya ƙi tsayawa a waƙar minti uku, ya jawo jaz da kiɗan gargajiyar Turai ya cakuɗa. Mutane sun yi ta shiga suna fita har ƙungiyar ta sake kama sau da yawa, amma mutum ɗaya ne bai taɓa barinta ba, mai jita Robert Fripp. Kundinsu na farko, In the Court of the Crimson King, ya fito ranar 10 ga Oktoban 1969.

Wannan faifan yayana ne ya dawo da shi daga karatu a Ingila, kuma kafin in taɓa jin abin da ke ciki, bangonsa ne ya fara tsorata ni. Wata jar fuska ce ta cika bangon kaf, baki a wangame har kana hango maƙogwaro, ƙofofin hanci a buɗe, idanu sun karkata gefe kamar mai ganin abin da ke tahowa. Babu sunan ƙungiya, babu sunan kundi. Inna da ta gani cewa ta yi, "Wane irin aljani ka shigo mana da shi gida?" Dole ya riƙa jingina shi fuskar na kallon bango. Daga baya na san cewa wani matashi mai aikin kwamfuta, Barry Godber, ya zana ta, kuma bugun zuciya ya ɗauke shi a Fabrairun 1970 yana da shekara 24, watanni kaɗan bayan fitowar faifan. Ita kaɗai ce zanen bangon faifai da ya taɓa yi.

To, ga abin da abokina bai sani ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Lokacin da ake haɗa sautin kundin a sutudiyon Wessex, kawunan na'urar da ke ɗaukar sauti a zaren tef ba su zauna daidai ba, sai wani ɓangare na siraran sautuka ya dushe. Masu buga faifan farko sun yi dabarar ƙara masa kaifi don a rufe aibin. Sannan uwar tef ɗin, wadda daga ita ake kwafar komai, ta ɓace. Shekara sama da talatin duk abin da ake sayarwa kwafi ne daga kwafi. An fito da shi a CD, an sake gyara shi a 1989, har aka sa wa wannan bugun suna mai nufin an gama magana, an kuma sake a 1999 da ya cika shekara 30. Sai a 2003 aka tsinci uwar tef ɗin a ma'ajiyar kamfanin Virgin, aka fito da ita a 2004.

Duk wanda ya taso a zamanin kaset ya san me kwafi daga kwafi ke nufi. Ka kai kaset ɗinka wajen mai rikoda a kasuwa ya ɗaukar maka daga nasa, shi ma daga na wani ya ɗauka, kafin ya iso gare ka shuuu ɗin da ke ƙasa ya kusa fin waƙar ƙarfi. Haka muka san yawancin waƙoƙin Mamman Shata, kuma da yau wani zai ce ya gano tef ɗin asali na ɗaya daga cikinsu, inda kalangu ke fita tangaran kuma kana rarrabe muryoyin 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda zai ce masa ya zo cin kuɗinmu ba. Layi za mu yi. Ranar da na fara jin bugun 2004 da abin sa wa a kunne, na ji farantan ƙarfen gangar Michael Giles suna sheƙi a inda da can ƙura kawai nake ji, na ji numfashin Ian McDonald kafin ya hura sarewa. Kuɗin da na biya ranar ban taɓa yin da-na-saninsu ba.

A 2009 kuma aka yi wani abu daban. Maimakon goge tsohon haɗin, sai aka koma kan tef ɗin da aka ɗauki kowane kayan kiɗa a layinsa, aka sake haɗawa tun daga tushe. Wanda Fripp ya damƙa wa aikin shi ne Steven Wilson na ƙungiyar Porcupine Tree, mutumin da bai cika shekara 2 a duniya ba lokacin da kundin farko ya fito. Inda aikinsa ya fi burge ni shi ne Lizard na 1970. Kundi ne da Fripp da kansa ya daɗe yana kushewa, kuma ni ma a da ba na iya kai shi ƙarshe, don kayan busa da jita da Mellotron duk sun hau kan juna kamar ana rububi. (Mellotron ɗin nan wata na'ura ce mai kama da piyano, ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren tef da aka naɗi sautin goge ko sarewa, yana tafiya kusan daƙiƙa 8 ya ƙare. Ita ce ke ba da wannan sautin mai kama da hadari ya taso.) Wilson bai ƙara ko ƙwayar sauti ba, wuri kawai ya ba kowa ya tsaya. Fripp ya fito ya amsa cewa wannan haɗin ya sa ya canza ra'ayi a kan kundin. Mutum ya shekara kusan arba'in yana ƙin abin da ya yi da hannunsa, sai wani ya share masa ƙurar da ke kai ya ga ashe da kyau.

Batun akwatuna kuwa, nan abokina yana da ɗan gaskiya, ba zan ƙi ba. The Road to Red na 2013 faifai 24 ne. Starless na 2014 faifai 27. Yawancinsu wasannin da suka yi ne a gaban jama'a tsakanin 1973 da 1974, dare bayan dare. Ni ban sayi ko ɗaya ba. Idan na lissafa kuɗin akwatin da na aikowa daga waje, na juya su zuwa naira, sai in tuna da kuɗin makarantar yara in rufe shafin. Kuma a gaskiya wa ke da lokacin? Wasu daga cikin waɗanda suka saya ma na tabbata ado suka yi da shi a kanta.

Sai dai akwai dalilin da ya sa a wajen wannan ƙungiyar abin bai zama shirme ba. A waɗannan shekarun, da John Wetton a jitar bes da murya, Bill Bruford a ganga, David Cross a goge, sukan hau dandamali su ƙirƙiri kiɗa nan take, ba wanda ya san inda za a sauka. Kiɗan daren Talata ba shi ne na daren Laraba ba. Kaso mai yawa na kundin Starless and Bible Black na 1974 ma a gaban jama'a aka ɗauke shi, galibi a Amsterdam ranar 23 ga Nuwamban 1973, aka cire tafin 'yan kallo aka fito da shi tamkar aikin sutudiyo. A wannan daren ne suka yi wani kiɗa mai sanyi da ake kira Trio. Bruford ya zauna da sandunan gangarsa a gicciye a ƙirji yana jiran inda zai shigo, ya ga babu wurin da ganga za ta ƙara wani abu, har aka gama bai taɓa fata ba. Suka sa sunansa cikin waɗanda suka tsara kiɗan, saboda shirun da ya yi. Ƙungiyar da irin wannan ke faruwa a dandamalinta, duk daren da aka naɗa yana da abin da babu shi a wani wuri. Da a ce suna maimaita abu ɗaya ne kullum kamar karatun hadda, faifai ɗaya ya ishe ni.

Sannan a tambayi aljihun wa kuɗin ke shiga. Fripp ya yi shekaru yana shari'a da jayayya da kamfanin EG, waɗanda suka riƙe harkar ƙungiyar tun farko, a kan haƙƙin waƙoƙi da kuɗin da ba a biya ba. Daga wannan ɗacin ne shi da David Singleton suka kafa kamfanin faya-fayansu, Discipline Global Mobile, a 1992, bisa ƙa'idar cewa mai waƙa shi ke da haƙƙin mallakar waƙarsa. Taurin kansa har ya kai sai a 2019 ya bari kundayensu suka hau Spotify. Yanzu duk wanda yake da data zai iya jin kundinsu Red daga farko har ƙarshe bai sayi komai ba. Don haka babu wanda aka ɗaure ya sayi akwati.

Amma kar ku ɗauka na zo wanke Fripp ne da sabulu. Akwai inda ya ɓata min rai. A 1991, da za a fito da tarin Frame by Frame, ya cire muryar Gordon Haskell, tsohon mawaƙin ƙungiyar, daga waƙar Cadence and Cascade ya sa ta Adrian Belew, ya kuma cire bes ɗin Haskell a wani kiɗan ya sa na Tony Levin. Haskell abokinsa ne tun suna 'yan makaranta, kuma sun rabu ba daɗi. Belew bai shiga ƙungiyar ba sai 1981, waƙar kuwa ta 1970 ce. Ko me ya shiga tsakaninsu, mutumin nan ya tsaya a gaban makirufo a wannan ranar, ya rera, an naɗa. Goge shi daidai yake da a ɗauko hoton bikin gida a yanke kan wanda aka yi faɗa da shi a manna na wani. A 2009 ma an datse kusan minti uku daga waƙar Moonchild ta kundin farko, wajen da suke ta taɓe-taɓen kayan kiɗa a hankali ba tare da wata hanya ba. Na yarda wajen yana gundurar mutane da yawa, ni ma a da tsallake shi nake yi. Amma wannan dogon shirun ne ke sa waƙar ƙarshe ta faɗo maka kamar an banko ƙofa. In ka rage jiran, ka rage bugun. Abin da ya cece su a wurina shi ne sun sa cikakken a cikin fakitin, ba su ɓoye shi ba.

Shi ya sa ban ga laifin abin da aka yi wa The ConstruKction of Light ba. Kundi ne na 2000, kuma da aka zo sake haɗa shi sai aka tarar ainihin naɗin gangar ya ɓace. Mai gangarsu Pat Mastelotto ya zauna ya sake kaɗa gangar gaba ɗaya, aka fito da shi a 2019, aka ɗan canza masa suna zuwa The ReconstruKction of Light don kowa ya san ba tsohon ba ne. Mutumin da ya kaɗa na farko shi ya kaɗa na biyu, an faɗa maka abin da aka yi, na asalin yana nan ga mai so. Iyakar abin da nake nema ke nan daga duk mai sake fito da tsohon aiki, ya faɗa min abin da ya taɓa, kuma ya bar min na farkon kusa da sabon in auna da kunnena.

Greg Lake da ya rera kundin farko ya rasu a 2016, Wetton a 2017, McDonald a 2022, Peter Sinfield da ya rubuta baitocin a 2024. Tef kuwa ba ya zama har abada, yana laushi, yana mannewa, yana zubar da abin da ke jikinsa. In ba a kwashe ba tun akwai waɗanda suka san wane naɗi ne wane, wata rana wanda bai san komai ba ne zai yi aikin.

Da Sallar da ta wuce na je gaishe da yayan nawa. Faifan yana nan a ƙasan sif ɗinsa, bangon ya koɗe, gefensa ya tsage an liƙe da salatif, na'urar juya shi kuwa ta daɗe da mutuwa. Na ce masa, "Yaya, bari ka ji abinka yadda aka gyara shi." Na sa masa abin kunne, na kunna masa waƙar Epitaph ta cikin kundin a wayata. Ya rufe ido, yana kaɗa yatsa a kan gwiwa, bai ce uffan ba har ta ƙare. Da ya cire sai ya ce an yi aiki, amma akwai wani ƙas da faifansa ke yi daidai lokacin da Lake zai fara baiti na biyu, yana ta jiransa bai zo ba. Ya miƙo min wayar, ya tambaye ni ko na san mai gyaran garmaho a gari.