Oga ne ya kamata ya zauna a ajin, ba yaronsa ba

To, an gama bitar, kun dai ga hotunan. Kowa ya rungume satifiket a ƙirji yana murmushi, har da wanda bai san inda ƙofar ajin take ba. Horo ne fa da aka shirya wa shugabanni kan yadda za su jagoranci aikin gaggawa idan ɗanyen mai ya malale a teku. Manyan suka zo ranar buɗewa da jiniya, suka karanta jawabin da aka rubuta musu, suka sha shayi, suka bar yaransu su zauna musu. Ranar rufewa kuma ga su a sahun gaba. Madalla, Allah ya ƙara basira.

Ni dai maganata ɗaya ce: oga ne ya kamata ya zauna a ajin nan.

A ce yau da ƙarfe biyun dare jirgin dakon mai ya huje a mashigar tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, ko bututu ya ɓalle a ma'ajiyar mai ta Atlas Cove. Yaron da aka tura bita ba shi da ikon fitar da ko sisi. Ba zai ɗaga waya ya ce a dakatar da zirga-zirgar jirage a saurare shi ba. Iliminsa na nan fal, amma sai ya jira oga ya farka, shi kuma ogan bai taɓa jin bayanin ba.

Mai kuwa ba ya jiran kowa. Cikin 'yan sa'o'i ya bazu, iska na tura shi, igiyar ruwa na ja. Ya daɗe kaɗan sai ya sha ruwa ya kumbura ya yi kauri, daga nan sinadarin da ake fesawa don tarwatsa shi ya daina cinsa. Shi ma sinadarin ba a fesa shi barkatai a ruwa marar zurfi inda kifi ke ƙyanƙyasa. Shingen robar da ake shimfiɗawa a kan ruwa, in igiya ta yi ƙarfi, man ta ƙarƙashinsa yake sulalewa. Kayan aiki ba za su taɓa isa ko'ina ba, dole wani ya yanke: me za a fara karewa? Bakin mashiga? Masuntan Makoko? Ko wajen tashar lantarki ta Egbin da ke jan ruwa tana sanyaya injina? Wannan hukuncin ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne. Shi ya sa kwas ɗin da hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta tsara a ƙarƙashin yarjejeniyar 1990 kan shirin tunkarar malalar mai ya kasu mataki uku, na ukun kuma na manya ne zalla. Na manya, ba na wakilan manya ba.

Ga shi ba mu rasa hukumomi ba. Akwai NOSDRA mai kula da malalar mai tun 2006, akwai NIMASA mai kula da sufurin jiragen ruwa, akwai hukumar tashoshin ruwa, ga sojan ruwa, ga gwamnatin jiha, ga mai jirgin da lauyoyinsa. Wa zai ba da umarni, wa zai bi? In ba a zauna ɗaki ɗaya an yi atisaye ba, ranar za a ƙare da “ai ba huruminmu ba ne”. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani ya rubuto mini wai oga aiki ya yi masa yawa. Haba malam. Wanda ke da lokacin zuwa ɗaurin aure Abuja ya dawo a yini guda?

Wani kuma wai Legas ba Neja Delta ba ce, malalar mai ba matsalarta ba ce. A 1998 bututun Mobil ya fashe a Idoho, can Akwa Ibom, ganga kusan 40,000, kuma man sai da ya taɓo gaɓar Legas. A Disambar 2011 aka sake kwatankwacin haka a filin haƙar mai na Bonga da ke cikin teku. A 2021 wata rijiyar mai a Nembe, jihar Bayelsa, ta fi wata guda tana ambaliya kafin a toshe ta. Yanzu kuma ga matatar Dangote da ke Lekki mai tace ganga 650,000 a rana, jiragen ɗanyen mai na ta sintiri a ƙofar gidanmu.

Masu cewa ina ruwan Bahaushe da teku, wallahi ku ne kuka fi ba ni tausayi. Ku je Apapa ku ƙirga direbobin tanka da 'yan dako da masu shayi da ke ci daga tashar nan. A rufe ta mako guda, za a ji a Agege, a ji a Mile 12, a ji har Kano. Ba don gwamnati nake wannan surutun ba, don waɗannan bayin Allah ne, da masuncin da zai jawo komarsa ya tarar da ita baƙi ƙirin, ba shi da wanda zai kai wa kuka. Saboda su, ranka ya daɗe, ka kashe wayarka ka zauna a aji.

Af, tunda ana maganar mai: 'yan uwana kanikawa na bayan layinmu, baƙin man da kuke juyewa a kwata kullum da yamma, ina kuke zaton yake zuwa? Akwai fa masu saye da jarka. Jiya har wani ɗan acaɓa ya zame a wajen, da buhun shinkafar mutane.