Wanda ya zuba guba a ƙarƙashin matakalarmu, da kai nake

Ranar Talata bayan sallar Asuba na sauko zan kai shara, sai na tarar da kyanwata kwance a ƙarƙashin matakala, bakinta cike da kumfa, ƙafafunta na baya suna ta shure-shure. Kusa da ita ga wata baƙa ta riga ta sandare. Bayan akwatin mitar wuta ga wata. A tsakiyarsu an ajiye farantin roba, shinkafa ce da kifin gwangwani, an barbaɗe ta da wani gari mai shuɗi-shuɗi. Kafin hantsi haris ɗin gidanmu na nan Jidda, wato mai gadi, ya tattara gawar maguna 7 ya zuba a buhu ya kai kwandon shara, kamar wanda ya kwashe ɓawon kankana.

Na naɗe tawa a cikin tsohon mayafi, ɗana ya kai mu asibitin dabbobi. Likitan ya yi iya yinsa, ya ɗura mata ruwa, ya yi mata allura, muka biya riyal 300. Kafin Azahar ta mutu. Ta bar 'ya'ya 4 a kwali a ɗakin girkina, ko kwana 12 ba su yi ba, idonsu bai daɗe da buɗewa ba.

Ban san ko kai namiji ne ko mace ba. Zuciyata tana raya mini wani, amma ban gani da idona ba, kuma ba zan ɗauki alhakin kowa da zato ba. Abin da na sani shi ne ƙofar amararmu, wato benen da muke haya, ana kulle ta da ƙarfe 12 na dare, baƙo ba shi da makulli. Gida 12 ne a cikin benen nan, 9 daga ciki Hausawa ne. Ke nan kana cikinmu. Muna haɗuwa a matakala, kana amsa sallamata. Wataƙila ma na taɓa aika maka kunun gyaɗa da azumi.

Ka san wa ke zaune a hawan ƙasa? Yarinyar nan da mijinta ke aikin tuƙi, mai ɗan yaro ɗan shekara 2. Yaron nan duk abin da ya gani a ƙasa sai ya kai baki, har murfin kwalba. Kullum da safe uwarsa tana buɗe ƙofa tana shara, shi kuma ya fito ya zauna a kan matakala ta farko. Tsakanin inda yake zama da inda ka ajiye farantinka ko taku uku babu. Da ni ban riga su fitowa ba fa? Da ya damƙi shinkafar nan da hannu biyu, me za ka ce wa uwarsa? Za ka shiga sahun masu sallar gawa ka tsaya a bayan liman? Tun ranar duk sanda na tuna wannan sai jikina ya ɗauki rawa, ina rubutun nan ma hannuna bai tsaya ba.

Na saka hoton farantin a zauren WhatsApp na gidan. Mutum uku suka rubuta "Allah ya kyauta". Ɗaya ya turo hoton hannu yana addu'a. Wani bawan Allah kuwa, magidanci da gemunsa, ya rubuta: "Hajiya a yi haƙuri, kyanwa ce fa." Wannan maganar ta fi shirun sauran ƙona mini rai. Malam, makarantar da ka yi ita muka yi. An karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa guda ɗaya, ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba. Guda ɗaya. Wannan 8 aka kashe a dare ɗaya har da tawa, da yaudara, da abinci, alhali sun zo suna ganin rahama ce. An karantar da mu cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha ta ƙoshi, ya ce Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Tafiyar sa'a guda ce tsakanin nan da ɗakin Ka'aba. A nan ne za a ce mini kyanwa ce fa?

Tawa kuma ba ta titi ba ce. Daga Sabil, wata tsohuwar unguwa a nan Jidda, na taho da ita. A Sabil aka haife ni, mahaifina ya baro ƙasar Kano ta ƙasa, ya ratsa Cadi da Sudan, ya haye teku ya sauka Jidda, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Da aka fara rushe tsofaffin unguwanni daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, Sabil da Karantina da Hindawiyya da Gulail da sauransu, aka shafa mana jan fenti a bango cewa mu tashi. Muka kwashe abin da mota za ta iya ɗauka. Jikokina suka ce ba za su shiga mota ba sai da Bissa, haka suke kiranta, yadda mutanen Hijaz ke kiran kyanwa. A kwalin madara muka huda ƙofofi muka sa ta. Na koma unguwar bayan mako biyu neman wata tukunya da na manta, na ga maguna suna yawo a kan tarin bulo, kowace tana neman ƙofar da babu ita. Na gode wa Allah da na tsira da tawa. Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Ita ce kyanwar Lami ta gaskiya, ba cizo ba yaƙushi, iyakarta ta sauka da dare ta ɗan zaga ta dawo ta kwanta a kan 'ya'yanta.

Ba zan yi ƙarya in ce babu matsala a gidan nan ba. Akwai, kuma ni na fara ɗaga murya a kanta.

Hajiya Babba ta hawa na uku, uwa ce a wurina, ta girmi yayata. Tun da muka tare take sauko da ragowar abinci tana juyewa a kan matakala. Kabsa, wato dafa-dukan Larabawa, ƙanzo, ƙayar kifi, ƙashin kaza, wani lokaci har miyar kuka. Ba a faranti ba, a kan tayil haka nan. Wanda ya san Jidda a watan Agusta ya san abin da zafi da gumin teku ke yi wa dafaffiyar shinkafa, kafin La'asar ta yi yauƙi, kafin Isha'i warin ya hau har hawa na huɗu. Maguna 3 ne a layinmu lokacin da muka zo. Kyanwa wata biyu take ɗaukar ciki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, ga abinci a zube kullum, sai suka haura 20. Muzurai suna faɗa a kan motocin mutane har gari ya waye. Fitsari a kan takalman da aka bari a ƙofa. Kyankyaso ya shiga ko'ina. Ga robobin ruwa da take jerawa a lungu ba ta sauyawa, a garin da zazzaɓin dengi ya zauna tun 1994, kuma sauron da ke kawo shi a irin wannan ruwan da ya kwanta yake yin ƙwai.

Na hau na same ta, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, don girman Allah a riƙa zubawa a roba a bayan gida, ni zan riƙa wankewa." Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, sadaka nake yi. Za ki hana ni lada ne?" Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya, ba hana ki nake ba, maƙwabta ne ke cutuwa." Ta ce abincin da Allah ya hore ba za ta zuba shi a shara ba. A nan tana da gaskiya, ni ma ba na iya zubar da shinkafa. Amma Hajiya, ladan da ake nema a kan kyanwa ba ya goge haƙƙin tsohon nan mai ciwon asma na hawa na ɗaya, wanda ke toshe hanci da rawani kafin ya fita masallaci. Sau uku ina hawa. Ba ta daina ba.

Don haka na san abin da ya dame ka, kai mai guba. Warin da ka shaƙa ni ma na shaƙa, barcin da aka hana ka ni ma an hana ni. Bambancin shi ne ni na hau na ƙwanƙwasa ƙofa, kai kuwa ba ka taɓa buɗe baki ba. Ba ka ce wa Hajiya komai ba, ba ka ce a zauna ba, ba ka rubuta ko kalma ɗaya a zauren gida ba. Ka jira dare ya raba, ka lallaɓo ba takalmi. Wannan ba maganin matsala ba ne, ragwanta ce da mugunta. Kuma ko warin ba ka kawar ba. Jiya Hajiya ta sake juye shinkafarta a wuri guda, yanzu babu isassun masu cinyewa, ga shi nan ya kwana. Daren jiya yarinyar hawan ƙasa ta ga ɓera a bakin ƙofarta, abin da ba mu taɓa gani ba tun da muka zo.

Mai gidan kuwa ba a maganarsa. Riyal 22,000 nake biya a shekara, kusan ninki biyu na abin da nake biya a Sabil, don haya ta yi tashin gwauron zabo bayan rusau. Ranar karɓar kuɗi ba ya makara. Na kira shi a kan wari ya ce in gaya wa haris. Haris ya ce aikinsa wanke mota da jiran tankar ruwa. Na kira shi a kan guba ya ce, "Ku ne kuka san junanku." Fitilar matakala wata 4 ke nan a mace, da tana ci da wataƙila wani ya ga mai saukowa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ka san ba za mu kai ƙara ba, a kan haka ka dogara. Akwai dokar kare dabbobi a ƙasar nan, ta ƙasashen Khalij, wato Saudiyya da maƙwabtanta na yankin Gulf, kuma tararta ba ta wasa ba ce. Lambar wayar baladiyya, wato hukumar gari, 940 ce, kowa ya haddace ta. Na ɗauki waya sau biyu ina ajiyewa. Domin na san a cikin gidan nan akwai waɗanda igamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare suna fafutukar sabuntawa, akwai bazawarar da ke riƙe da marayu 3 da sana'ar ƙosai da fanke. In hukuma ta shigo amara da tambayoyi ba ta tsayawa a kan faranti ɗaya. Ba zan jawo wa marayu tarhil, wato kora daga ƙasar, saboda kyanwata ba. Ka auna wannan sarai, ka mai da rufin asirin da muke yi wa juna garkuwarka. Mutanen da ba su da kowa a ƙasar nan sai junansu, a cikinsu ka zaɓi ka zuba guba.

Ban ce Sabil Aljanna ce ba. Lunguna ne matsattsu, lambatu yana fashewa, in aka yi ruwa sai an kwana ana kwarfa. Amma da a can ne wannan zancen ba zai kai wata guda ba. Bayan Magariba dattawa suna zaune a kan mirkaz, wato bencin hira, a ƙofar masallaci, za a aika yaro ya kira ɗan Hajiya, a ce masa ka gaya wa tsohuwarka ga inda za ta riƙa zubawa. Akwai wani kango a bayan masallacin, nan kowa ke kai ragowar abinci, wani tsoho yana sharewa da safe don Allah. Yanzu dattawan sun warwatse, wani yana Bahra, wani Makka, wani ya koma Kano bayan shekara 40. Mu kuma an jera mu a kan juna, kowa ya kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya rufe ƙofa, ba wanda ke son a ce shi ya fara magana.

'Ya'yan Bissa biyu sun riga sun bi ta. Da farko madarar shanu na ba su, ta sa su zawo, sai likitan ya ce akwai tasu ta musamman, na saya. Duk bayan sa'a 3 nake tashi in ɗura musu da sirinji, in shafa musu ciki da auduga mai ɗumi yadda uwarsu ke yi da harshe, don in ba haka ba ko fitsari ba sa iya yi. Ƙaramar jikata, 'yar shekara 5, ta daina sauka ƙasa ita kaɗai. Ta tambaye ni ko mai kashe maguna yana kashe yara.

Farantin yana nan, na ƙulle shi a leda biyu na ɗora a saman kabad inda hannun yaro ba ya kai wa. Ranar Juma'a bayan La'asar zan ɗauko shi in bi gidajen nan 12 ɗaya bayan ɗaya, daga hawan ƙasa har na huɗu, in yi sallama, in nuna wa kowane magidanci da matarsa. Na riga na sayi babbar roba mai murfi da zan ajiye a bayan gida, Hajiya ta riƙa zubawa a ciki, ɗanta ya yi mini alkawarin zai tsaya a kai. Zan kuma nemi kowane gida ya ba da riyal 10 mu sayi ƙwan fitila mu sa da kanmu, tunda mai gida ya ƙi. In na zo ƙofarka ka buɗe, ka dubi abin da ke hannuna, ka dube ni.