Taimakon lauyoyi kyauta: sai ya iso Damagaram, kuma da Hausa

Ana gab da faɗuwar daminar bara wata gwaggona ta zo gidana daga wani ƙauye na gundumar Mirya, ɗauke da takarda ƙulle a bakin zanenta. Sammaci ne na kotu, an rubuta shi da faransanci, kan gonar da take nomawa da marayunta tun rasuwar maigidanta, wadda ƙannen marigayin suka tashi suka ce tasu ce. Ta zaci takardar haraji ce, ta ajiye ta cikin kwalla har ranar zaman ta wuce. Abin da take bukata a ranar da takardar ta shigo hannunta bai fi mutum ɗaya masanin doka ba, wanda zai karanta mata, ya faɗa mata ranar da ake nemanta, ya kuma shaida mata cewa a rabon gado na Musulunci, wanda alƙalanmu ke la'akari da shi tare da masu ba su shawara kan al'ada, tana da tumuninta na takaba, kuma ɗa namiji yana kange 'yan'uwan mamaci daga gado.

Tun daga nan nake sauraron duk wani zance na lauyoyin da ke sadaukar da lokacinsu don kare talaka kyauta da kunne biyu. Ina girmama masu yin haka, domin lauya ya kashe shekaru da dukiya kafin ya sa baƙar riga, kuma ba wanda ya tilasta masa ya tsaya wa wanda ba zai biya shi ba. Amma tambayata ita ce, a ina ake yin wannan alheri? Kusan dukkan lauyoyin Nijar a Yamai ofisoshinsu suke, alhali tsakanin Yamai da Damagaram akwai tafiyar kusan kilomita 900. Ko lauya ya yafe ladan aikinsa baki ɗaya, kuɗin mota da na masauki da kwanakin da zai bar ofishinsa a rufe sun isa su sa ya zaɓi taimakon wanda ke kusa da shi. Ga mu da kotun ɗaukaka ƙara a cikin gari, wadda shekaru da dama ita da ta Yamai kaɗai ƙasar ke da su, amma manomin Tanut ko mai sayar da goro a kasuwar Dole yakan shiga gaban alƙali shi kaɗai, daga shi sai tafinta.

Hukuma ba ta yi shiru da wannan matsala ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ domin ba da shawarar doka kyauta da ɗaukar wa marasa hali mai kare su, tare da ƙananan ofisoshi a manyan kotuna. Saboda ƙarancin lauyoyi a jihohi, doka ta yarda a naɗa wa wanda ake tuhuma mai kare shi ko da ba lauya ba ne. Ƙungiyoyi irin su ANDDH mai kare haƙƙin ɗan Adam, wadda aka kafa a 1991, sun daɗe suna horar da masu wayar da kan jama'a kan doka. Sai dai gwaggona ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba na zaton ita kaɗai ce.

Inda rashin lauya ya fi ciwo shi ne kwana biyun farko bayan kama mutum. Doka ta ba 'yan sanda da jandarmomi awa 48 su tsare wanda ake zargi, ana iya ƙarawa da izinin mai gabatar da ƙara, kuma a cikin waɗannan awoyi ne ake rubuta bayanin da zai bi mutum har ranar hukunci. Ana tambayarsa da Hausa, ana rubutawa da faransanci, daga ƙarshe a miƙa masa ya dangwala yatsa a kan abin da bai iya karantawa ba. Ko babu mugun nufi daga kowa, kalma ɗaya da aka juya ba daidai ba tana iya mayar da "an ba ni ajiya" ta koma "na ɗauka", kuma tsakanin maganganun nan biyu akwai watanni a gidan kaso. Ƙa'idar da ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, suka amince da ita a Satumba 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, ba sai an kai shi gaban alƙali ba. Wannan babban haƙƙi ne, amma a garin da babu lauyan da za a kira, haƙƙi ne na takarda kawai. Da za a ce in zaɓi wuri guda da lauyan sa kai zai kashe awoyinsa, da ƙofar ofishin 'yan sanda zan zaɓa, sai kuma gidan kaso, inda mutane da yawa ke zaune ba a yanke masu hukunci ba, wasunsu kuwa abin da ya rage kawai a samu wanda zai tuna wa kotu da takardunsu.

Shi ya sa ba na gamsuwa da irin ayarin da ke zuwa na yini ɗaya, a kafa rumfa, a yi jawabai, a saurari mutum hamsin a tsaitsaye, kafin la'asar motoci sun kama hanya. Shari'ar gona ko ta gado ba ta ƙarewa a yini guda, ana ɗage zama, ana neman shaidu, ana ɗaukaka ƙara, wanda aka ba shawara ranar Asabar kuma zai tashi Litinin ba shi da wanda zai koma wa. A tuna da Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a yankin Ƙonni: ba shawarar yini ɗaya ce ta 'yantar da ita ba, lauyoyi ne da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta suka riƙe maganarta shekara da shekaru, har kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10. Yanzu da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, nauyin irin wannan shari'a ya dawo kan kotunanmu na gida, wato bukatar lauya mai naci ta ƙaru ke nan.

Abin da nake roƙon ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ba ya wuce ƙarfinta. Ta tsara karɓa-karɓa, ta yadda kowane wata za a samu lauya a Damagaram na wasu kwanaki sanannu da za a riƙa sanarwa a gidajen rediyo, wanda ya karɓi magana kuma ya riƙe ta har ƙarshe, ko da ta wayar salula ce zai riƙa bin ta tare da masu taimakon doka da ke zaune a nan. Masu hali na garin nan, da ke gina masallatai suna haƙa rijiyoyi, za su iya ɗaukar kuɗin mota da masauki, domin fitar da wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba shi ma sadaka ce. Kuma a turo masu jin Hausa sosai. Kundin tsarin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to ya kamata mu ga alamar hakan a sammacin da ake kai wa mutanen ƙauye.

Akwai masu cewa idan lauyoyi suka saba aikin kyauta, hukuma za ta nannaɗe hannu ta bar masu nauyin da yake nata. Tsoron yana da tushe, kuma ni ma ina ganin ba daidai ba ne a bar hukumar da doka ta kafa ba tare da isasshen kuɗi ba. Amma lauyan da ya shiga gidan kaso ya ƙirga waɗanda suka wuce wa'adin tsarewa da idonsa, shi ne ya fi kowa bakin da zai matsa wa ma'aikatar shari'a, don haka aikin sa kai yana ƙara wa wannan kira ƙarfi. Ba kuma nufina kowace rigima a ja ta zuwa kotu ba. Yawancin rikicin gona a wurin mai gari, hakimi ko fadar Sarkin Damagaram ake kashe shi, masanin doka na kirki kuwa zai ƙarfafa sulhun, ya dai tabbatar an rubuta shi, an kai shi gaban kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, don kada jikoki su sake tono shi.

Haka maganar gwaggona ta ƙare. Wani dattijo, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, shi ya karanta mata sammacin, ya rubuta mata takardar neman a sake saurarenta, ya raka ta wurin hakimi aka yi sulhu a rubuce, bai karɓi ko dala ba. Ya haura shekara 70, idonsa ya fara rauni, kuma ba shi da izinin tsayawa gaban alƙali a madadin kowa. Da na bi ta ƙofar gidansa a Zango makon jiya da hantsi, na ƙirga mutum tara zaune a kan tabarma, kowa da takardarsa a hannu, suna jiran ya fito.